Shafin da Kawunku Bai Karanta Ba

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, ku ukun. Babba, bar tsayuwa a bakin ƙofa kamar ɗan aike. Auta, rage fankar nan, ba na son in maimaita magana. Ba ciwo ne ya sa na tara ku ba, lafiyata ƙalau. Zancen kawunku ne, kuma sai kun ji shi daga tushe kafin wani ya buɗe baki.

Kun dai san kawunku. Ƙanena ne, a bayana ya girma, ba wanda zai ba ni labarinsa. Shekara ashirin da biyu yana koyar da aji huɗu a firamaren bayan kasuwa, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Shi ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa Ai-na-sani. Ko likita ne zai faɗa masa yadda ake shan magani, kafin ya rufe baki kawunku ya ce ai ya sani, ya fito, ya zo gida yana tambayar matarsa ko sau nawa aka ce.

To, mataimakin hedimasta ya yi ritaya, kujerarsa ta zama ba kowa. Mutum biyu ake dubawa: kawunku, da malamar aji uku, wata baiwar Allah mai sanyin magana wadda sai ka kasa kunne kake jin sallamarta. Hedimasta ya tara malamai ya ce a ƙarshen wata sufeto za ta zo daga ofishin ilimi, kowanne cikin su biyun ya koyar da darasi ɗaya a gabanta, wanda ya fi shi za a ba. Kawunku ya yi shekara goma yana kallon kujerar nan ta taga. Tun kafin a tashi taron ya gama zama a kanta a zuciyarsa. Kafin yamma ya je wurin mai fenti an rubuta masa allon ƙofa, Mataimakin Shugaba, ya kawo ya tura ƙarƙashin gado.

Washegari ya shigo nan gaishe ni, ya tarar da ni da maƙwabtana huɗu da nake koya wa karatu, muna kan tsohuwar wayata da kuka haɗu kuka saya mini. Ya leƙo ya ce me tsofaffi ke kallo haka. Na gaya masa ma'aikatar ilimi ce ta buɗe rumbun darussa a intanet don malaman makaranta, kyauta, daga aji ɗaya har sama, wanda ya ga dama ya sauke. Ni ba malama ba ce, amma ba a tambaye ni takarda ba, na shiga na ɗebo abin da zai yi mana. Na fara nuna masa yadda abin yake, cewa kowane darasi kashi uku ne: jagoran malami, takardar ɗalibi, da takardar amsoshi, kuma shi jagoran sai an karanta shi har ƙarshe.

"Ai na sani, Yaya," in ji shi. "Mu da muke cikin harkar."

Bai sani ba. Idonsa ne ya tona shi, don ya zuba wa wayar ido kamar mai jin yunwa ya ga an buɗe tukunya. Tasa wayar kun san ta, ƴar ƙaramar nan mai maɓallai da ya ɗaure da roba. Ya ce in ara masa tawa kwana ɗaya ya duba ko akwai kurakuran da zai gyara wa gwamnati. Na ba shi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

A hanya dabara ta faɗo masa. In dai yayarsa da ke zaune a gida ce ta gano rumbun nan, to lallai ba malamin da ya san da shi. Me zai hana ya buga darussan, ya ce daga kansa suka fito? Sufeto ta zo ta ga malami mai tsara darasinsa da kansa, da hotuna da komai, ina malamar aji uku za ta tsaya?

Ya zarce shagon mai buga takardu. Ya sa mutumin ya yanko farar takarda ya rufe tambarin ma'aikata da ke sama, a wurin aka rubuta sunan kawunku da manyan baƙaƙe. Mai shagon ya ce jagoran nan shafi huɗu ne, a buga duka? Kawunku ya ce na farko kawai. Sauran, wai, sharhi ne da aka yi don sababbin malamai masu ƙaramin kai, shi da ya ga kanun magana ya san inda aka dosa. Mai shagon ya ɗaga kafaɗa ya danna.

Da safe ya shiga ɗakin malamai da takardu a hammata. Akwai wata ƙusa a bangon bayan kujerarsa, jikin allon sanarwa, wadda ya mallake shekara da shekaru. Nan yake rataye kwat ɗinsa da zarar ya shigo, ko kallon bangon ba ya yi. Ya rataye, ya baje takardun a tebur, ya ce wa jama'a su zo su ga abin da ƙwaƙwalwa ke haifarwa in an bar ta ta huta. Malamai suka leƙa, suka dubi juna. Malamin wasanni ya kama tari har sai da ya fita waje.

Malamar aji uku ta ɗaga takarda ɗaya ta juya bayanta, ta ce a hankali, "Malam, ina sauran? Wannan darasin ai yana da..."

"Ai na sani, Malama. Ki dai kalla ki ƙaru. In na hau kujera zan shirya muku bita."

Ta ajiye, ta ce Allah ya kai mu.

Darasin farko kan iyali ne da sana'o'insu. Cikin takardu ukun, kawunku ya zaɓi wadda ta fi cika da rubutu, don a ganinsa ita ce mai ilimin. Takardar amsoshi ce. Ya kwafe ta tas a allo, tambaya da amsa, ya sa yara hamsin da biyu suka kwafe a littattafansu, ya bi ya maka wa kowa goma bisa goma, ya ce a kai gida a nuna wa iyaye. Tambaya ta huɗu tana cewa: wace sana'a mahaifinka yake yi? A ƙarƙashinta yara hamsin da biyu suka rubuta da kyakkyawan hannu: Amsa za ta bambanta daga yaro zuwa yaro.

Da yamma tela ya tare shi a bakin layi, littafin ƴarsa a hannu, almakashi a ɗaya hannun.

"Malam, shekara talatin ina taka keke a layin nan. Wandon da ke jikinka ni na ɗinka. Yau ƴata ta rubuta wai sana'ata ta bambanta daga yaro zuwa yaro. Wane yaron?"

Kawunku ko gezau. Ya ce sabon tsari ne da ya ƙirƙiro don kada ɗan mai hali ya yi wa ɗan talaka gori da aikin ubansa. Tela ya ce shi bai ji kunyar allura ba balle a ɓoye masa ita. Makanike ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce shi dai a bar masa tsarin nan, tun da ya haifi ɗansa bai taɓa ganin goma a littafinsa ba sai yau. Mai shayi ya ce to shi ma daga yau kuɗin shayi zai bambanta daga malami zuwa malami. Aka kwashe da dariya, kawunku ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga musu hannu ya wuce.

Na aika a karɓo mini wayata. Ya ce a gaya wa Yaya ana tsakiyar aikin ƙasa.

Darasi na biyu kan yadda iri ke tsirowa ne. Shafin farko ya ce a nemi wake, da ruwa, da mazubi. Ƙwaya nawa, ruwa yaya, a ajiye a ina, duk wannan yana shafin da aka bari a shago. Kawunku ya yi lissafinsa: in ƴan ƙwayoyi za su koyar da yaro ɗaya, to makaranta guda sai an yi da gaske. Ya faki idon matarsa ya juye waken gidan kaf a bokiti, ya cika shi da ruwa, ya danne da murfi. Don kada malamar aji uku ta sace masa fasaha, ya lallaɓa ofishin hedimasta ya kulle bokitin a kabad, kan rajistar yara. Aka tafi hutun ƙarshen mako, ga zafi kamar a gasa mutum.

Ran da aka dawo, hedimasta ya buɗe ofis ya ja da baya da gudu, hannu a hanci. Ya ce mushe ne, kyanwa ta mutu a silin. Aka kira maigadi, dattijo mai ciwon gwiwa, aka ɗora shi a tsani ya shiga silin da tocila. Bai ga kyanwa ba, amma ƙafarsa ta ga hanya, ta ɓullo ta tsakiyar silin daidai kan teburin hedimasta tana lilo, takalmin ya faɗo cikin kofin shayi. Ana cikin ciro shi sai ƙofar kabad ta buɗe don kanta. Wake ya kumbura ya ture murfi, ya yi kumfa, ya gangaro kan rajista, ya malalo har bakin ƙofa.

Hedimasta ya tambayi aikin wane ne. Kawunku ya matso gaba yana gyara wuyan riga, ya ce nasa ne, kuma alhamdu lillahi gwaji ya yi nasara.

"Nasarar me? Tsiro nawa ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ai kafin iri ya tsiro sai ya kumbura. Matakin farko ke nan, kuma kowa ya shaida. Har wanda ke bayan katanga ya shaida."

Hedimasta mutum ne mai haƙuri, saura shekara biyu shi ma ya huta. Ya dubi ramin silin, ya dubi rajista, ya ce a kawo tsintsiya. Malamar aji uku ce ta kwashe rajistar ta shanya a rana shafi-shafi. Da ta zo wucewa ta sake gwadawa, ta ce Malam, da ka duba bayan kujerarka... Ya ce ai ya sani, kujerar ta tsufa, ya kusa barinta.

A gida matarsa ta ajiye masa kwano a rufe, da cokali da ruwan sha, ta koma gefe tana tsefe kai. Ya buɗe ya tarar da ƴar takarda a ciki. Ta rubuta: Abincin yau zai bambanta daga gida zuwa gida. Nan ya zo ya ci, a kan tabarmar nan da Auta ke zaune. Na ce ina wayata, ya ce ya baro ta tana caji. Tana aljihun gaban rigarsa, ina ganin tudunta.

Da wani ne, da ya ga haka sai ya koma shago ya ce a buga masa sauran shafukan, ko ya buɗe wayar ya karanta, tunda suna ciki. Kawunku sai cewa ya yi matsalar ƙarancin fili ce, basirarsa ta fi ƙarfin kabad. Na ranar sufeto dole ya zama abin da ba a taɓa gani ba. Ya zaɓi darasin abin da ke nutsewa a ruwa da abin da ke tasowa. Shafin farko ya ce a tanadi mazubin ruwa da kayayyaki iri-iri. Ya ce wa yara kowa ya zo da wani abu daga gida, ko mene ne, wanda ya fi kawo abin mamaki shi ne na ɗaya. Ya kwana uku yana horar da su amshi: in abu ya tafi ƙasa su ce ya nutse, in ya tsaya a sama su ce ya taso, da ƙarfi, baki ɗaya. Ya kuma bi layi gida-gida yana gayyatar iyaye su zo su ga yadda ake zama mataimaki.

Mazubin ruwa kuwa, duron nan nawa na bayan ɗaki ya ɗauka, babban, wanda ya kai mini ƙirji. Ina wanka ya ɗora shi a baro ya fita. Tela ya ce Malam, wanki aka koma? Makanike ya ce a'a, ɗaki zai kama a ciki. Kawunku ya ce su dai su zo da wuri, wurin tsayuwa zai yi wuya. Ni da na fito ban ga duro ba, na yafa mayafi na bi sawun baro. Abin da ya biyo baya ba labari aka ba ni ba, ina bakin taga tsakanin tela da matar makanike.

Sufeto wata ƴar tsohuwa ce siririya, da tabarau a kan hanci da jaka mai cin littafi goma. Ba ta da yawan magana. Ta fara shiga aji uku. Malamar ta raba wa yara zare, suka auna tebur, suka auna ƙofa, suka auna hannun juna, ta tambaya suka amsa, minti talatin an gama. Kawunku da ke leƙe ya ce wa malamin wasanni, yanzu don Allah zare ne zai kai mutum kujera?

Aka zo aji huɗu. An ture bencuna gefe, duro na tsakiya cike taf, yara sun yi ta jido ruwa tun safe. Sufeto ta zauna a gaba, ta zame takalmanta ta ajiye gefen kujera don ƙafarta na kumbura. Hedimasta na kusa da ita. Kawunku ya bar kwat a ƙusa don kada ya jiƙe, ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa sufeto takardar darasi da hannu biyu. Ya yi jawabin minti goma kan yadda tunanin ya zo masa yana tafiya a bakin hanya. Sufeto ta dubi takardar, ta dube shi ta saman tabarau, ta ce bismilla.

Matsala ta farko, duron ya fi yaran tsawo, ba mai ganin ruwan. Sai ya zama kawunku ne kaɗai ke leƙawa ya faɗa musu, su kuma su amsa. Ya jefa dutse, ya ce me ya faru? Yara suka ce ya taso. Ya ce a'a, ku saurari ƙara. Suka ce ya nutse. Ya ce madalla, yanzu kowa ya kawo nasa.

Nan layi ya tashi. Ƴar tela ta zo da babban almakashin ubanta, kafin tela ya gama cewa ke, ke, ya tafi ƙasa. Ya nutse, in ji aji. Ɗan makanike ya jefa makullan wata mota da aka kawo gyara. Ya nutse. Wata ta kawo dutsen guga, wani rediyon kakansa tana cikin magana, ta yi ƴar gurnani ta yi shiru. Wani yaro ya kawo haƙoran roba na kakarsa a cikin kofi. Iyaye a taga suka fara kiran sunayen ƴaƴansu, wannan na cewa kar ka kuskura, wancan na cewa za ka dawo gida ka same ni. Yara kuwa gasa suke, malam ya ce wanda ya fi ban mamaki shi ne na ɗaya.

Tela ya ce, "Malam, a ciro mini almakashina, ina da ɗinkin mutane."

Kawunku ya zura hannu har kafaɗa, bai kai ko rabin duron ba. Ya ce a yi haƙuri, ciro kaya yana mataki na gaba. Sufeto ta ce tana so ta ga matakin na gaba. Shi kuwa bai san shi ba, shafinsa ya ƙare tun a jefa dutse. Gumi ya karyo masa. Ya juya wa sufeto baya, ya sunkuya kan duro kamar mai nazarin ruwa, ya zaro wayata daga aljihu a ɓoye, yana neman shafi na biyu a karo na farko cikin mako uku.

Yarinyar ƙarshe a layi kaza ta kawo, a cikin kwali. Ta ga malam ya shagala, ta ɗaga ta da hannu biyu ta cilla. Kaza ta ga ruwa ta ce ba da ita ba, ta buɗe fiffike ta sauka a kan kawunku, ta taka fuskarsa ta yi sama. Hannunsa ya saki. Na ji ƙarar da kunnena, ƴar ƙarama, culum.

"Ya nutse," in ji yara hamsin da biyu.

Ban san lokacin da na ce wayata ba. Kawunku ya ji muryata, ya waigo muka haɗa ido, ya ga gara ruwa da ni. Ya taka benci ya zura kai cikin duro, ya miƙa, ya ƙara miƙawa, bencin ya zame. Sai ga ƙafafu biyu a sama suna harbin iska, wandon tela ya zazzago har gwiwa. Aji ya rabu biyu, rabi na cewa ya nutse, rabi na cewa ya taso, har wasu suka fara jayayya. Hedimasta da maigadi suka kama ƙafa ɗaya-ɗaya suka ja. Maimakon ya fito, duron ne ya biyo su. Ya kife, ruwa ya ɗauki aji, ya fito da kawunku da almakashi da makullai da haƙora. Takalman sufeto suka bi ruwa suka fice ta ƙofa a jere kamar an aike su.

"Ya taso," in ji yara, wannan karon ba wanda ya yi musu.

Aka sallami yara, aka koma ɗakin malamai, iyaye suka biyo har ƙofa. Kawunku na tsaye yana ɗiga, gashin kaza a kunne. Sufeto ta zauna ba takalmi, ta ciro takardar darasin da ta tsira a jakarta. Ta tambaye shi a natse wa ya tsara wannan darasi. Na ɗauka a nan zai saduda. Ya share fuska ya ce shi ne, ranki ya daɗe, daga farko har ƙarshe.

Ta ce to ya karanta mata ɗan ƙaramin rubutun da ke can ƙasa. Mai shago ya rufe sama, bai rufe ƙasa ba. Kawunku ya ce ruwa ya shiga idonsa. Ta ce ba komai, ita za ta karanta: shafi na ɗaya cikin huɗu. Ina ukun? Ya ce suna cikin kansa. Ta ce to bari ta taya shi tunawa, ta cire tabarau ta karanto da ka:

"A yi amfani da ƙaramar roba marar zurfi wadda kowane yaro zai ga cikinta. Malami ne zai zaɓi kayan da kansa, kamar cokali, murfin kwalba da ɗan itace. Kada a bar yara su kawo kaya daga gida. Kada a sa abu mai rai ko mai aiki da batir."

Ta mayar da tabarau ta ce su biyar suka zauna suka rubuta darasin nan a ma'aikata, kuma wannan gargaɗin ita ta dage a sa shi. Abokan aikinta har dariya suka yi mata, wai wane malami ne zai sa abu mai rai a ruwa. Ta ce gobe za ta je ta ba su labari.

Kawunku ya fara rawar sanyi. Malamar aji uku, don tausayi, ta miƙa hannu ta ciro kwat ɗinsa daga ƙusa ta ba shi ya yafa. Sai ga abin da ke ƙarƙashi. Takarda ce da ta yi ja don tsufa, tsatsar ƙusa ta zubo a kanta, da rubutun hannun malamar: sanarwa ga duk malamai, ga adireshin rumbun darussa na ma'aikata, kyauta ne, wanda bai gane ba ya same ni in nuna masa. Kwanan watan shekara biyu ke nan. Kowa a makarantar da shi yake aiki, har malamin wasanni. Darasin zaren ma daga can ta sauke, ta kuma rubuta haka a saman takardarta. Mutum ɗaya ne bai taɓa ganin sanarwar ba, don kullum shi ke rufe ta da kwat.

Kawunku ya daɗe yana kallon bango. Can ya buɗe baki, tela daga bakin ƙofa ya riga shi: "Ai ya sani." Har sufeto sai da ta rufe baki da takarda.

Kujera dai malamar aji uku aka ba. Allon da ke ƙarƙashin gado matarsa ta ciro ta kai mata, ta ce kada fenti ya tafi a banza, yanzu haka yana manne a ƙofarta. Shi kuma sufeto ta ba shi wata ɗaya. Za ta dawo ta ga darasi guda, daga rumbun, da tambarinsa, shafi huɗu cif. In ya yi daidai ya riƙe ajinsa, in ya sake, a mayar da shi kula da sito da buga ƙararrawa. Wayata kuwa mai gyara ya buɗe ta ya girgiza kai. Shi ya sa na ce muku ta faɗa ruwa, kuka sayo mini wannan sabuwar. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi wanda ya raka ta ba.

To jiya ya zo. Ya gaishe ni har ƙasa, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi. Ya ce saura kwana shida sufeto ta dawo, kuma ba zai iya zuwa wurin malamar aji uku ta nuna masa ba, girmansa zai zube. Na ce wane girman, wanda ya bi ruwa? Ya ce Yaya, ki rufa mini asiri, kwana ɗaya tak. Na ce wane darasi ne a gaba? Ya ce zafi, da abubuwan da wuta ke narkarwa. Na ce to zauna nan kusa da ni mu karanta shafi na biyu tare, akwai gargaɗi a kan...

Kun san abin da ya ce.

In na hana shi, ƙanena zai ƙare aikinsa yana buga ƙararrawa, yara na yi masa amshi a layi. In na ba shi, ajin nan rufin katako ne, kuma ɗakin malamai na jikinsa. Na juya abin har kaina ya yi zafi. Ku kuka sayi wayar, kawunku ne, yau ma ya dawo, yana nan waje kan benci tun ɗazu yana jira, ya sa kwat. Ga ta nan na ajiye a tsakiya. Ku yanke, abin da kuka ce shi za a yi. Amma duk wanda ya ce a ba shi, shi zai bi shi makaranta ranar da bokitin ruwa.